Shuni a Farcen Haulatu

Tun daga soro Haulatu ta cusa hannayenta biyu cikin hijabi, ta yi sallama ƙasa-ƙasa, tana fatan ta shige ɗakinta ba wanda ya lura. Ina! Mahaifiyarta, Inna Hadijatu, na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, kuma duk unguwar an san babu abin da ke wuce idon Inna.

Inna ta ce mata ta zo ta kama mata bakin faifai. Haulatu ta ce ba ta yi La'asar ba. Inna ta ce ai ko kiran farko ba a yi ba, ta miƙo hannu kawai.

Ta miƙa. Tun daga kan farce har wuyan hannu shuɗi ne shar, kai ka ce safa ta saka.

Inna ta ajiye faifai a hankali, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, marina kika je?"

Haulatu ta sunkuyar da kai. Ai babu abin musu, shaida ga ta nan a yatsu goma.

Bari in gaya muku dalilin da ya sa shuni a hannu ya zama tashin hankali a gidan Alhaji Sada, mai shagon shadda da atamfa a kasuwar Daura. Haulatu malamar firamare ce, shekararta ashirin da biyar, ita ke riƙe da aji biyar. A makarantarsu akwai malamin kimiyya, Nasrullahi, dogo marar hayaniya, ɗan wani tsohon marini da ake kira Ɗanbaba. Wata huɗu ke nan da Nasrullahi ya turo a nema masa izinin neman aurenta. Alhaji ya saurari manzon har ya gama, ya ba shi ruwa ya sha, sannan ya ce shi ba ya haɗa zuri'a da marina. Ya shigo gida ya ƙara da cewa kada ƙafar 'yarsa ta kuskura ta taka inda ake rini.

Ana cikin haka sai ga Abdulmuhaimin, ma'aikacin ƙaramar hukuma a Dutsi, da motarsa mai sanyi da turarensa mai riga shi sallama. Ni dai ban ga aibun bawan Allah ba, mutum ne mai kunya da girmama manya. Laifinsa ɗaya, zuciyar Haulatu ba ta wajensa. Jibi Juma'a bayan an sauko daga masallaci baffanninsa za su zo jin amsa.

Alhaji ya riga ya faɗa mata matsayarsa. Ya ce yanzu zamanin Shari'a ake, kuma ko kafin a ƙaddamar da ita shi ya san addini bai ba shi damar yi mata dole ba. In ta ce ba ta son na Dutsi, shi ke nan. Amma ta sani, bakinsa ba zai taɓa furta ya ba da ita ga ɗan marini ba, ko za ta tsufa a ɗakin uwarta.

Abin da ya fi cin Haulatu a rai ba hanin ba ne, rashin sanin dalili ne. Mahaifinta ba mai raina sana'a ba ne. Amininsa mahauci ne, kwano ɗaya suke ci. Yayarta ɗan wanzami ya ba, da murnarsa. To me marina suka yi masa? Ta sha lura cewa duk tulin kayan shagonsa babu ƙyalle ɗaya na rinin hannu, kuma tun tasowarta ba ta taɓa ganin shuɗiyar riga a jikinsa ba. Ta tambayi Inna, Inna ta ce ita ma haka ta zo ta same shi.

Shi kuwa zuwa marinar, ba da niyyar saɓa wa uba ta yi shi ba. Bara ne ita da Nasrullahi suka gaji da ganin yara suna rera karatu kamar waƙa ba su san me suke faɗi ba. Suka je wa hedimasta da shawara, cewa duk Laraba a fita da aji ɗaya cikin gari, a koya musu darasin a inda abin yake. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin iyaye su sa hannu, kuma mata daban maza daban. Sun je rijiyar Kusugu, yara suka ji tarihi a bakin rijiyar, suka auna igiyar guga da kamu suka mai da shi mita. Sun je maƙera suka ga yadda zafi ke tausasa ƙarfe. Sun je wajen masu ginin tukwane. Yaran da a da sai an bi su da bulala, yanzu ranar Laraba su ke riga mai gadi zuwa.

Wannan makon darasin iska ne. Nasrullahi ya ce babu inda ake ganin aikin iska da ido kamar marina. 'Yan mata yau, maza gobe. Malamar da aka shirya za ta raka 'yan matan ta wayi gari da haihuwa, hedimasta ya ce ko Haulatu ta raka su ko a fasa. Yara ashirin da bakwai suka zuba mata ido, kowace da ɗan farin ƙyallenta a hannu. Wace zuciya ce za ta ce a fasa?

Ta tafi da niyyar tsayawa nesa. Amma da tsoho Ɗanbaba ya tsoma farin ƙyalle cikin ramin rini ya ɗago shi kore shar, yara suka ce ai ba shuɗi ba ne, Nasrullahi ya ce su yi shiru su ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Kafin su kai talatin, ƙyallen ya fara sauya launi a gaban idonsu ba wanda ya taɓa shi, har ya koma shuɗi. Yara suka sa ihu. Haulatu da kanta ba ta san lokacin da ta matso ba, ba ta san lokacin da ta naɗe hannun riga ba. So take ta gani ko a hannunta ma haka zai yi. Ya kuwa yi.

Inna ta ji wannan bayani duka, ta ce Allah ya shirye ta, malamar makaranta guda da ƙwalamar yara. Suka duƙufa a bakin rariya. Aka sa sabulu, aka sa toka, aka matse lemon tsami huɗu, har da dutsen goge kaushi. Fata ta ɗan yi haske, farce kuwa ko gezau. Inna ta aika hannu ta jawo kwalbar kananzir ke nan suka ji gyaran muryar Alhaji a soro.

Ya shigo da farar shaddarsa, ya tsaya. Ya dubi hannun, ya dubi fuskar 'yarsa. Haulatu ta jira faɗa.

Bai yi faɗa ba. Idonsa ne ya sauka kan wani ɗan ƙyalle da ya leƙo daga bakin jakarta, wanda ta rina da hannunta. Ya sunkuya ya zaro shi. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga shi sama ya duba, sannan ya kai shi hanci. Kamar mai magana da kansa ya ce,

"Ruwan nan bai nuna ba. Da an ƙara masa kwana biyu. Kuma tokar ta yi kaɗan."

Ya juya wajen Inna ya ce ta ajiye kananzir ɗin nan kada ta ƙone wa yarinya fata a banza, na farce ba ya fita, sai sabon farce ya tsiro ya turo shi.

Inna ta saki baki da kwalba a hannu.

Haulatu ta ɗago kai a hankali. Tsoron ya tafi, wani abu ya maye gurbinsa.

"Abba, ta yaya ka sani?"

Alhaji ya saki ƙyallen kamar ya taɓa garwashi, ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa.

Sai da aka yi La'asar ta ɗauki ruwan sanyi ta kai masa. Ta same shi zaune a kan darduma, carbi a hannu amma ba ya ja. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ba shi haƙuri a kan saɓa maganarsa, ta ce ta san ta yi laifi, duk hukuncin da ya yanke ta karɓa. Sai hawaye ya ƙwace mata. Ta ce wata huɗu ke nan ba ta cin abincin kirki, ba don an hana ta Nasrullahi kawai ba, sai don an hana ta ba a gaya mata laifinsa ba. In wani mugun abu ya sani a gidansu, ya faɗa mata, ita da kanta za ta cire shi a ranta ko da zai zama ajalinta.

Sunan mahaifiyar Alhaji ta ci, don haka Uwata yake ce mata.

"Uwata, me na gaya miki kakanki yake yi a garin Babban Mutum?"

"Noma, Abba."

"Yana noma da damina. Da rani marini ne. Badaru marini, ramuka shida gare shi."

Daga nan magana ta ɓalle masa kamar ba shi ba. Ya ce tun yana ɗan shekara shida yake taya mahaifinsa matsar zane. Da aka buɗe makarantar boko a garin, shi da kansa ya roƙa a sa shi, don yana son sanin abin da ke cikin takarda. Kansa na ja, lissafi ba mai kama shi. Amma duk ranar Litinin da safe ana jera yara a fili a duba tsabta, kowa ya miƙa hannu, malami na bi da rula. Mai datti a farce a ƙwanƙwasa masa gaɓoɓin yatsu.

Ya ce shi kullum sai an dake shi. Ya gaya wa malamin ba datti ba ne, shuni ne, malamin ya ce ƙazanta ce ta gidan jahilai. Ranar Lahadi ya kan wuni yana dirzar farce da yashi har jini ya fito, Litinin ta zo a sake fito da shi gaban yara a ɗaga hannunsa sama kowa ya gani. Suka laƙa masa suna Baƙin Hannu. Shekara huɗu yana sha. Ranar da ya gaji, ya ajiye littattafansa a gindin bishiya, bai koma makaranta ba, bai koma marina ba. Ya bi wani fatake zuwa Daura.

Ya ce da mahaifinsa zai rasu ya aiko a kira shi ya karɓi ramukan, ya ce yana zuwa, bai je ba sai da aka yi kwana uku da binnewa. Aka cike ramukan da ƙasa.

"Na rantse jikokina ba za su miƙa wa malami shuɗin hannu ba. Ba ƙin yaron nan nake ba, Uwata. Tsoro nake."

Haulatu na kuka, shi ma idonsa ya kaɗa ya yi ja. Can ya share fuska da bakin riga, ya yi mata wata tambaya da ba ta zata ba. Ya ce da yaran suka ga hannun tsohon, sun yi dariya?

Ta ce wace dariya? Layi suka yi suna roƙonsa ya buɗe tafinsa su gani. Wata ta tambaye shi ko jininsa ma shuɗi ne. Da aka tashi dawowa, faɗa aka yi ta yi a kan wa ta fi wani shuni a hannu, wadda nata bai kama sosai ba har kuka ta yi. Hedimasta ya tarye su a bakin get, ya sa suka ɗaga hannuwa sama, ya ce duk wadda ta iya faɗa masa me ya mai da kore shuɗi, ta ci maki goma.

"Hedimasta da kansa?"

"Shi da kansa, Abba."

Ya ce ta tashi ta je.

Washegari Alhamis, tana ɗaura agogo za ta fita, ya ce ta shigo mota ya sauke ta. Abin da bai taɓa yi ba. Inna ta bi su da kallo har soro. Suka zo daidai makaranta, Haulatu ta kama murfin ƙofa, sai ta ga bai rage gudu ba. Ya wuce, ya karya kwana, ya shiga lungu, ya sake karya wata. Ko sau ɗaya bai tambaye ta hanya ba.

Warin rini ne ya fara tarye su. Ramuka uku ne kawai suka rage masu rai, sauran shara ta cike su. Yara maza sun yi da'ira, Nasrullahi na tsaye a tsakiya da agogo a hannu yana shirin ƙirga musu. Da ya ga wanda ya fito daga mota, sai ya sauke agogon.

Tsoho Ɗanbaba na tsugune a bakin rami. Ya ɗago, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallo.

"Sada na Badaru," ya ce. "Ka iso?"

Ashe a wajen Badaru tsohon ya koyi rini, can Babban Mutum, lokacin Alhaji na ɗan yaro. Ya ce shekara talatin yana ganinsa a kasuwa, yana ganinsa a masallacin Juma'a, bai taɓa kiransa da wannan suna ba don ya ga ba ya so. Ko ɗansa bai gaya wa ba, har lokacin da aka dawo da manzonsu da kunya.

Alhaji ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, farar shadda a cikin toka. Da suka gama gaisawa, maimakon ya ba da haƙuri ko ya kawo wani dogon zance, sai ya ce ruwan jiya bai nuna ba.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce ai ya sani, wannan ɗan bokon ne ya matsa masa a buɗe don kada ranar darasi ta wuce. Ya nuna ramin ƙarshe ya ce ga wanda ya nuna can, in har bai manta ba ya duba.

Alhaji ya cire hula ya miƙa wa Haulatu. Ya ɗage murfin, ya dubi kumfar da ta taru a sama tana ƙyalli, ya lakato kaɗan ya ɗora a harshe. Ya gyaɗa kai. Sannan ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya karɓi farin ƙyalle daga hannun yaran, ya nutsa shi.

Ya ce musu su lura, ba a facal-facal da shi kamar wanki. A hankali ake zura shi ta gefe, a matsa shi a can ƙasa, kada a bari iska ta bi shi ciki, don ita ce ke kashe ruwan. Aikinta a waje yake. Ya ɗago ƙyallen kore shar, ya baza shi, yara suka fara ƙirga da ƙarfi. Shi kuwa ba ƙyallen yake kallo ba. Hannunsa yake kallo, yana rikiɗa daga kore zuwa shuɗi, hawaye na bin gemunsa.

Nasrullahi ya rugo da buta da sabulu. Alhaji ya ce ya ajiye, shi ya fi kowa sanin ba ya fita. Gobe mutanen Dutsi za su zo, da wannan hannun zai gaisa da su ya ba su haƙuri.

Haulatu ta rufe baki da hular mahaifinta.

Amma Alhaji bai gama ba. Ya ce wa Nasrullahi ya miƙo hannunsa. Ya miƙa, dama da hagu. Fes suke, farce a yanke, in ban da ɗan farin alli a babban yatsa babu komai. Alhaji ya juya su gaba da baya, irin yadda ake yi ranar Litinin.

"Ka taɓa haɗa ruwan rini da kanka?"

Nasrullahi ya ce ya san abin da ke faruwa a ciki, ya karanta shi tun a kwaleji.

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce bai taɓa ba. Tun yana sakandare ya daina taɓa shuni, saboda abokai.

"Ashe kai ma gudu ka yi," in ji Alhaji. "Kai dai ka tsaya kusa, ni na yi nisa."

Ya nuna wani rami da shara ta cike. Ya ce a yashe shi. Nasrullahi ya zuba ruwan da hannunsa, ya auna tokarsa da shuninsa, ya riƙa motsa shi safe da yamma, ba mai taya shi. Ranar da ya ga ya nuna ya aiko masa, shi zai zo ya ɗanɗana. In ruwa ya yi, ya turo magabatansa a ranar. In bai yi ba, a kwashe a sake. Shi ya bar ramuka shida sun mutu, ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai bar uku su bi su ba.

Yara ba su san me ake ciki ba, sun dai ga malaminsu na zufa. Haulatu ta saci kallonsa ta gefen hijabi. Ita kanta ba ta san me zai yi ba, kuma wallahi tana son ta sani.

Nasrullahi ya dubi ramin da shara ta cike, ya dubi shuɗin farcenta da ke riƙe da hula. Ya kwance agogonsa ya jefa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya je ya tsuguna a gaban mahaifinsa.

"Baba, ta ina ake farawa?"

Shekara goma sha biyar tsohon yana jiran wannan tambaya. Ya kai baƙin hannunsa ya share ido, sannan ya miƙa masa shebur.